Rediyon Rana Daban, Na Dare Daban



Duk wanda ya taɓa hira da maigadi bayan isha'i, ko ya daɗe a bencin mai shayi har aka fara kife kofuna, ya ga wannan abu ko da bai nemi dalilinsa ba. Ga tsohon akwatin rediyo, an ɗaure murfin batirinsa da robar taya. Da azahar in aka murɗa shi a layin AM, tasha biyu ko uku na kusa kawai yake kamawa, sauran wajen duk shuuu. Rana na faɗuwa kuwa sai ya cika kamar kasuwa ranar jajibirin salla. Nan Larabci, can Faransanci, gaba kaɗan wani mai sharhin ƙwallo yana ihu da yaren da maigadin bai taɓa ji ba, wata murya ta taso ta danne wata, jim kaɗan ita ma ta nutse. Akwatin dai shi ne na ɗazu, batirin ma ya ƙara sanyi. Abin da ya sauya yana can sama, kilomita 60 zuwa 90 bisa kan maigadin.

Akwai mutane a duniya da suka mai da wannan al'amari abin sha'awarsu, kamar yadda wani ke kiwon tattabaru, wani ke fita farauta da rani. Sunan da suke kiran harkar shi ne DX, haruffa biyu da suka gada daga ma'aikatan tangaraho na da, waɗanda ke rubuta su a madadin kalmar nisa. Burin ɗan DX shi ne ya kamo tashar da ba a gina ta dominsa ba. Tasha ce da aka kafa don manoman wata gunduma a Kanada, ko direbobin tasi na wani birni a Sifaniya, shi kuma yana zaune kilomita dubbai daga can, ya kasa kunne har ya ji ta ambaci sunanta, ya rubuta a littafinsa. Wannan ambaton suna, wanda bai wuce daƙiƙa biyar ba, shi ne naman farautar.

A nan akwai buƙatar a rarrabe zare da abawa, domin Bahaushe ya fi sabawa da gajeren zango. Tun 1957 da BBC ta buɗe sashen Hausa, kunnen mutanen ƙasar nan ya saba da jin mita kaza da mita kaza, kuma ba wanda ke mamaki don ya ji Landan a Katsina. Gajeren zango dama don tafiya mai nisa aka tanade shi. Matsakaicin zango, wanda ake rubuta wa AM ko MW a fuskar akwati, na gida ne. A Afirka da Turai yana farawa daga kilohaz 531 ya ƙare a 1602. Kamo Landan a gajeren zango kamar sayen kifi ne a kasuwa. Kamo ƙaramar tashar wani ƙauyen Amurka a matsakaicin zango kuwa, sai an shiga ruwa.

Da tsakar rana, muryar tashar AM hanya ɗaya take da ita, wato ta bi doron ƙasa. Tana fita daga doguwar eriyar tashar ta rarrafa bisa gonaki da tuddai, tana bin lanƙwasar duniya, ƙasa kuma tana shanye ƙarfinta kaɗan-kaɗan har ta ƙare. Saboda haka irin ƙasar da ta bi ita ce ke yanke mata nisan tafiya. Busasshen yashi da dutse suna cinye ta da wuri. Ƙasa mai laima, irin ta fadama, tana riƙe ta. Ruwan gishiri na teku ya fi kowa yi mata kirki, shi ya sa mai zama a bakin gaɓa ke kama tashoshin ƙetaren ruwa da rana tsaka, alhali wanda ke kilomita 30 a cikin tudu bai san suna yi ba. Sa'annan lambobin ƙasa-ƙasa sun fi na sama tafiya. Tashar da ke kan 550 za ta bar wadda ke kan 1500 a baya ko da ƙarfinsu ɗaya.

Misalin da 'yan DX ke yawan kawowa shi ne KFYR, wata tasha a garin Bismarck na jihar Dakota ta Arewa a Amurka. Ƙarfinta kilowat 5 ne kacal, tana kan 550, amma da rana tana mamaye faɗin ƙasar da tashoshi masu kilowat 50 a wasu sassan ba sa iya rufewa, saboda ƙasar wannan yanki shimfiɗaɗɗiya ce mai ɗaukar lantarki sosai. Haka maƙwabciyarta CBK ta garin Watrous a Kanada, mai kilowat 50 a kan 540, wadda aka kafa ta kusa da wani tafkin gishiri. Sauraron rana aikin masu haƙuri ne. Babu abin mamaki da yawa a cikinsa, domin abin da mutum ya ji yau shi zai ji gobe. Amfaninsa shi ne a nan ake gane ingancin akwati da eriya, tun da sama ba ta sa hannu ba.

To me ya hana sama sa hannu da rana?

Can ƙololuwar sararin samaniya iska ta yi siriri ƙwarai, kuma hasken rana yana bugunta da ƙarfin da ke sa ta ɗauki cajin lantarki. Wannan yanki shi masana ke kira ayonosfiya, kuma hawa-hawa ne kamar bene. Hawa na ƙasa, wanda aka laƙaba wa harafin D, shi ne mai kilomita 60 zuwa 90 ɗin nan. Bisansa akwai E a wajen kilomita 100, sai F can sama da 150. E da F suna iya lanƙwaso muryar rediyo su maido ta ƙasa, kamar yadda madubi ke maido haske. Shi kuwa D mai shanyewa ne. Duk muryar matsakaicin zango da ta nufi sama da rana, a cikinsa take mutuwa. Sai dai D ba ya rayuwa sai da rana a kansa. Da almuru ta yi, cajinsa ke watsewa cikin ɗan lokaci, ƙofa ta buɗe, muryoyi su haura su daki madubin sama su sauko kilomita 1,000 ko 2,000 daga inda suka tashi. Wani lokaci su sake tashi daga ƙasa ko daga teku su yi tsalle na biyu da na uku.

Wanda ya fara cin karo da wannan bambanci shi ne Markoni, ɗan Italiyan da sunansa ke haɗe da tarihin rediyo. Ranar 12 ga Disamba 1901 ya ce ya ji ɗigo uku na harafin S a Newfoundland, an aiko daga Poldhu a kudu maso yammacin Ingila, tazarar kimanin kilomita 3,500. Har gobe masana na gardama a kan wannan, domin da rana ne, kuma shi da mataimakinsa kaɗai suka saurara. Abin da babu gardama a kansa shi ne na watan Fabrairu 1902, lokacin da ya hau jirgin ruwa mai suna Philadelphia ya nufi Amurka da na'urar da ke buga saƙo a takarda. Da rana saƙon Poldhu ya ɓace a wajen mil 700. Da dare ya ci gaba da shigowa har bayan mil 1,500. Markoni ya ga abin da idonsa, amma bai san dalili ba. A shekarar dai, wasu masana biyu, Kennelly a Amurka da Heaviside a Ingila, kowa a gefensa, suka ce lalle akwai wani rufi a sama da ke maido saƙon. Sai da aka yi shekara 22 kafin a tabbatar. A Disamba 1924 Edward Appleton ya roƙi BBC ta ara masa tasharta ta Bournemouth bayan an rufe shirye-shiryen dare, ana sauya lambar tashar sannu a hankali, shi yana Oxford yana auna yadda muryar ke ƙaruwa da raguwa. Lissafinsa ya nuna rufin yana wajen kilomita 100. Aikin da ya ɗora a kan wannan ne ya kai shi ga lambar Nobel a 1947.

Hujjar da ta fi burge mai wannan shiri ita ce ta husufin rana. Ranar 11 ga Agusta 1999, da wata ya rufe rana a kan kudancin Ingila da hantsi, masana sun nemi jama'a su murɗa akwatunansu zuwa 639, lambar wata tasha da ke La Coruña a arewacin Sifaniya, wadda a al'ada sai da dare ake jin ta a Ingila. Inuwa na sauka, Sifananci ya taso a ɗakunan mutane, rana na dawowa ya nutse. Mutanen Gusau da Katsina da Maraɗi da suka ga duhun safiyar 29 ga Maris 2006 sun tsaya a ƙarƙashin irin wannan ƙofa da ta buɗe na 'yan mintoci, sai dai a ranar hankalin kowa na kan sallar husufi.

Lokacin da ɗan DX ba ya wasa da shi shi ne faɗuwar rana da fitowarta. A Amurka wannan ya haɗu da doka. Tun da hukuma ta san dare na kai murya nesa, ta wajabta wa dubban ƙananan tashoshi su rage ƙarfi da magariba, ko su juya akalar eriyarsu, wasu ma su rufe ɗungurungum sai gari ya waye. Kowane wata da lokacinsa a rubuce cikin lasisin tasha. Hakan na barin wata 'yar taga ta minti 15 ko 20, inda sama ta riga ta buɗe a wajen mai sauraro amma tashar da ke yamma da shi ba ta kai lokacin rage wutarta ba. Mutum na zaune yana jin tallar wani kantin taya a garin da bai taɓa jin sunansa ba, kwatsam a tsakiyar jimla murya ta yanke. Injiniyan can ya danna maɓalli.

An yi wannan doka ne don a share wa manya hanya. Akwai lambobin da aka keɓe wa tashoshi masu kilowat 50 domin su isa ƙauyukan da ba su da tasha. KDKA ta Pittsburgh, wadda ta sanar da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ranar 2 ga Nuwamba 1920, tana cikinsu a kan 1020. WSM ta Nashville a kan 650 ta yi ta kai kiɗan karkara cikin gidaje a jihohi da dama kowane daren Asabar tun 1925. WLW ta Cincinnati kuwa sai da ta yi shekara biyar, daga 1934 zuwa 1939, tana aiki da kilowat 500, har ana ba da labarin maƙwabtanta na jin shirye-shirye daga wayar shinge da ƙarfen gado. Da aka hana irin wannan ƙarfi, masu son sa sun samu mafita a tsallaken iyaka, inda tashoshin Meziko irin su XERF suka riƙa harba kilowat 250 zuwa arewa.

Yanzu kuma an iso inda abin ya taɓo gida.

Mai sauraro ya duba lambobin tashoshin AM da ya sani. Rediyon Najeriya Kaduna, 594. Rediyon Kano, 729. Nagarta, 747. In ya tara alƙaluman kowace, 18 zai samu, kuma kowace tana rabuwa da 9 ba saura. Ba dace ba ne. A wani taro da aka yi a Janeba a 1975, ƙasashen Afirka da Turai da Asiya suka amince a jera tashoshi da tazarar kilohaz 9, aka fara aiki da tsarin a Nuwamba 1978. Nahiyar Amurka kuwa tazarar 10 take bi. Wannan saɓani ya zama alheri ga 'yan DX, domin tashar ƙetaren teku tana faɗowa a tsakanin tashoshin gida. Shekaru da dama Saudiyya na da wata ƙatuwar tasha mai kilowat 2,000 a Duba, bakin Bahar Maliya, a kan 1521. Mai sauraro a gabashin Amurka in ya murɗa 1520 da magariba ya ji wani siririn fito, ya san muryar Duba ce ke gogar ta gida da tazarar kilohaz 1, wato hanyar Atlantika ta buɗe, yau ba barci.

Irin wannan ne ya sa wata tashar Yola ta yi suna a inda masu ita ƙila ba su zata ba. Rediyo Gotel tana kan 917, alhali lambar da ke kan layi ita ce 918. Wannan taku ɗaya da ta yi gefe ya sa ta fita daban daga cunkoson Turai, kuma masu sauraro a can sun sha rubuta ta a littattafansu. Haka tashar TWR ta mishan da aka buɗe kusa da Parakou a Jamhuriyar Benin a 2008, mai kilowat 100 a kan 1566, wadda Hausa na cikin harsunan da take watsawa. Ga mutumin Sakkwato wannan maƙwabciya ce. Ga wanda ke Suwidin babban kamu ne. Wani Bature na can cikin ƙanƙara, bai san ko “sannu” ba, ya toshe kunnuwa da abin sauraro yana jiran wani ya ce “Yola”.

Dare ya yi nisa, sai aikin ya koma na dabara. Matsala ta farko ita ce dushewa. Murya ɗaya na iya isowa ta hanya biyu, ta ƙasa da ta sama, ko ta tsalle ɗaya da tsalle biyu, kuma da yake rufin saman ba a tsaye yake cak ba, wani lokaci hanyoyin su haɗu su ƙarfafa juna, wani lokaci su kashe juna. Shi ne mai sauraro ke jin tasha ta taso raɗau, bayan minti biyu ta koma kamar ana magana a cikin tulu. Ta biyu ita ce cunkoso. A Amurka akwai lambobi shida, 1230, 1240, 1340, 1400, 1450 da 1490, da 'yan DX ke kira maƙabarta, domin kowace na ɗauke da ƙananan tashoshi fiye da 100, kuma da dare dukkansu suke magana lokaci guda. Mutum ya yi awa yana jin gunaguni, sai can ɗaya ta ɗago kai na daƙiƙa 20 ta koma.

Makamin farko yana cikin kowane akwati, mutane da yawa ba su sani ba. Sandar ƙarfen nan da ake zarowa ta FM ce da gajeren zango. Eriyar AM wani baƙin sanda ne a kwance cikin akwatin, an naɗe shi da siririyar waya. Yana ji sosai ta gefunansa, amma ta kawunansa biyu kurma ne. Saboda haka ɗan DX yakan ɗora akwatin a kan faifai ko tire ya riƙa juya shi a hankali, har kan sandan ya saiti tashar da ta dame shi. Nan take sai ta dushe, wadda ke ɓoye a ƙarƙashinta ta fito. Maigadin da ke karkata rediyonsa yana jingina shi da buta don ya fi fita, wannan ilimin yake aiki da shi. Daga nan sai jira. Dokar Amurka ta ce kowace tasha ta faɗi haruffan sunanta a kan kowace awa, waɗanda ke gabas da kogin Mississippi galibi suna farawa da W, na yamma da K. Minti biyu kafin awa ta cika, ko tari ɗan DX ba ya so ya yi. Kuma sau da yawa a daidai wannan lokacin ne tashar ke nutsewa, ta dawo bayan an gama faɗin sunan.

Waɗanda abin ya shiga jininsu ba sa tsayawa a gida. A arewacin ƙasar Finlan, yankin Lapland, inda a tsakiyar hunturu rana kan yi makonni ba ta leƙo ba, 'yan DX suna zuwa wani wuri mai suna Lemmenjoki tun 1974, daga baya suka gina wata bukka a Aihkiniemi musamman don wannan aiki. Daga bukkar wayoyi sun bazu cikin daji ta kowace fuska, kowace tsawonta ya kai kilomita guda, an rataye ta a kan itatuwa sama da tsayin mutum kaɗan. Wani injiniyan Amurka, Harold Beverage, shi ya ƙirƙiro irin wannan eriya a farkon shekarun 1920, kuma sirrinta shi ne inda ta miƙe, can take ji. Wannan ta nufi Alaska, waccan Japan, waccan Kudancin Amurka. Mutum biyu za su tare a ciki mako guda ko biyu, sanyi a waje ya wuce digiri 30 ƙasa da sifiri. Da ɗan hasken da ke samuwa da rana sai su ɗaura takalman ƙanƙara su bi wayoyin suna kakkaɓe dusar da ta danne su, suna ɗaure inda barewar yankin ta tsinka. Sakamakon wahalar shi ne Hawaii da Ostareliya a matsakaicin zango, da ƙananan tashoshin Amurka masu kilowat 1.

Daga baya an samu na'urar da ta sauya salon farautar. Rediyo ce da ake haɗawa da kwamfuta, tana naɗe dukkan layin AM daga farko har ƙarshe a lokaci guda. Mutum ya kwanta abinsa, ya koma gida da faifan da zai yi shekara yana tonowa, yana maimaita awa ɗaya a kan lamba bayan lamba. Kamu ya ƙaru ninki-ba-ninki, wannan gaskiya ne. Amma a ganin mai wannan shiri, wanda ya kafa raga ya tafi barci da wanda ya tsaya da mashi a bakin ruwa ba labari ɗaya za su bayar ba. Da alama wasu daga cikin 'yan harkar ma haka suka gani, domin a daidai lokacin ne wata ƙungiyar masu akasin ra'ayi ta ɓullo, waɗanda suka ce su da rediyon aljihu kawai za su yi, irin wadda ba ta fi tafin hannu ba, kuma da ita suke tsayawa a kan duwatsun gaɓar teku da asuba suna kamo ƙetare.

Farauta ba shaida kuwa tatsuniya ce. Al'adar ita ce mai sauraro ya rubuta wa tashar wasiƙa, ya faɗi rana da lokaci bisa agogon GMT, da abin da ya ji dalla-dalla: an yi tallar kaza, mace ta karanta yanayin gari, an sa kiɗa iri kaza. In tashar ta duba ta ga haka ne, sai ta aiko da kati ko wasiƙar tabbatarwa, wadda ake kira QSL. A 1924 wani kamfani a Chicago mai suna EKKO har kan sarki na musamman ya buga wa tashoshi, mai sauraro ya aika shaidarsa da santi goma na Amurka a aiko masa da na tashar ya manna a kundi. Ƙungiyoyinsu ma sun tsufa. National Radio Club ta Amurka tun 1933 take, Medium Wave Circle ta Ingila tun 1954.

Abokan gaba uku ne, kuma biyu daga ciki mutanen ƙasar Hausa sun san su. Na farko tsawa. Kowace walƙiya tana aika ƙara a layin AM, kuma da dare ƙarar hadarin da ke kilomita 1,000 ma tana isowa ta hanyar da tashoshi ke bi. Shi ya sa rediyon damina ke ta ƙarar-ƙarar kamar ana soya gyaɗa a yashi, na hunturu kuwa ya yi tsit. Na biyu rana da kanta, wadda ke da zagaye na kimanin shekara 11. In ta yi zafin rai tana aman wuta, kamar yadda ta yi a Mayu 2024, hanyoyin da suka bi ta kusa da ƙuryar arewa sai su toshe, mutanen Lapland su rasa Amurka. Na uku shi ne mafi muni, kuma a cikin ɗaki yake kwana: cajar waya mai araha, ƙwan fitila na zamani, inbatar sola, talabijin, janareto. Kowannensu na feso ƙugi a daidai wannan zango. Abin dariya a nan shi ne, abin da Bature ke tuƙa mota kilomita 1,000 yana nema, wato wurin da babu lantarki, mutumin unguwa kan same shi kyauta duk daren da aka ɗauke wuta, kafin maƙwabta su ja janareto.

Su kansu tashoshin suna raguwa. Ranar 31 ga Disamba 2015 gidajen rediyon gwamnati na Jamus da Faransa suka kashe na'urorinsu na matsakaicin zango, a daren ne kuma aka rufe 1440 ta Luxembourg, wadda matasan Ingila suka yi shekaru suna sauraron kiɗanta a ƙarƙashin bargo. Kuɗin wuta ya yi yawa, masu sauraro sun koma FM da intanet. Wasu kamfanonin motoci masu batir, irin su Tesla da BMW, sun cire AM daga motocinsu saboda injin motar na dama shi, har a 2023 'yan majalisar Amurka suka gabatar da ƙudurin tilasta barinsa, kamfanin Ford kuma ya janye niyyarsa ta cirewa. Hujjar masu kare shi ita ce ranar bala'i. Da guguwar Katrina ta afka wa New Orleans a 2005, wuta da waya suka tafi, WWL a kan 870 ce ta ci gaba da magana, kuma da dare waɗanda suka yi gudun hijira zuwa wasu jihohi suna jin ta. Su kuwa 'yan DX na Turai kuka suke da ido ɗaya. Duk ƙatuwar tashar da ta yi shiru, lambarta ta zama fili, muryoyin Afirka da Asiya da ta danne shekara da shekaru sun samu hanya. Wasu manyan dai suna nan, kamar Solt ta ƙasar Hangari mai kilowat 2,000 a kan 540.

Mai sauraron da ke son gwadawa ba ya buƙatar sayen komai. Akwati mai batir, littafin makaranta mai layi, biro da agogo. Da azahar ya fita tsakar gida, nesa da waya da caja, ya bi layin AM daga 531 har ƙarshe ya rubuta duk abin da ya ji. Ya maimaita bayan sallar magariba, ya sake da ƙarfe goma sha ɗaya, shafi daban-daban. Watannin Nuwamba zuwa Fabrairu sun fi dacewa. Da magariba tashoshin gabas ke fara shigowa, domin can dare ya riga sauka, na Sudan da Saudiyya da Masar. Can cikin dare arewacin Afirka da kudancin Turai su cika wuri. In yana rubuta lokaci don aika wa wata tasha, ya rage awa ɗaya daga agogon Najeriya da Nijar ya samu GMT.

Mai juriyar tashi kafin kiran assalatu shi ke da rabon yamma. A lokacin gabas ta waye, tashoshinta sun nutse, amma Tekun Atlantika na cikin duhu tun daga Legas har Burazil. Nan ne zai bar lambobin da ke rabuwa da 9 ya laluba tsakaninsu, a kan masu ƙarewa da sifiri, ko Allah zai sa ya ji Fotugisanci. Taga ce ƙarama. Gari na fara haske, hasken ya riga ya taɓa kilomita 80 a sama, hawa na D ya soma haɗuwa, baƙin muryoyin su riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin mai koko ta sauke tukunya, akwatin ya koma tasha biyu ko ukun da ya saba.